Kafin ku gina manhaja: amsa ga 'yata ta Kasala

Wata ɗaliba daga Kasala a gabashin Sudan, wadda yaƙi ya tsayar wa karatun jami'a, ta aiko mini da tambaya. Ƙungiyarsu ta matasa ta samu ɗan tallafi, masu kuɗin kuma sun ce suna son aikin da zai yi amfani da dandalin intanet wajen ɗorewar zaman jama'a da kiyaye muhalli. Matasan sun rabu biyu. Wasu na so a gina wa manoma manhajar farashi, wasu na ganin maganar duka ta takarda ce. Ta ce: "Baba, kai da ka daɗe cikin manoma, waɗannan dandaloli da gaske suna riƙe jama'a da ƙasa, ko daɗin bakin masu neman tallafi ne?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amsar da za ki iya kaiwa gaban taronku ita ce: suna riƙewa, har sun riƙe mu a ranar da banki da asibiti da ofishin gwamnati suka rufe ƙofa, amma kada ku taɓa kuɗin nan da sunan gina manhaja tukuna. Dalilin yana da tsawo, sai ki yi haƙuri da tsoho. Na yi shekaru ina malamin gona tsakanin Sinnar da Gadarif, daga baya na koma taimaka wa ƙungiyoyin manoma da lissafi da harkar tura kuɗi. Yawancin abin da zan faɗa miki a bakin gona da bakin kasuwa na gan shi.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kusan duk hedikwatar bankunan ƙasar nan tana Khartum, haka ma na'urorin da ke haɗa banki da banki. Suka tsaya. Abin da ya rage da numfashi shi ne manhajojin da ke juya kuɗi a cikin banki guda, babbarsu Bankak ta Bankin Khartum, sai irin su Fawry da O-Cash. Mutanenmu ba su sha wahalar sabawa ba, domin tun kafin haka mun daɗe muna tura kuɗi ta katin waya, abin da ake kira tahwil rasid: ka tura wa mai shago a wani gari kati, ya cire ladansa, ya miƙa wa tsohuwarka saura.

Bayan Madani ta faɗi a Disambar 2023, Sinja kuma a ƙarshen Yunin 2024, makarantun Gadarif suka cika da 'yan gudun hijira. A ɗaya daga cikinsu na zauna kwanaki ina kallon yadda takiyya ke tafiya, wato tukunyar da unguwa ke ɗorawa kowa ya zo da kwanonsa. Mai riƙe lissafin wata yarinya ce da ba ta girme ki ba. Kayan aikinta biyu: waya mai fasasshen gilashi da littafin makaranta mai layi. Da daddare saƙonni ke shigowa, wani daga Jidda, wani daga Riyad, wani daga Alƙahira. Da safe ta tafi wurin ɗan kasuwa, ta tura masa, ta nuna masa koren ish'ar ɗin da ke shaida kuɗi sun shiga, shi kuma ya loda adas da mai da albasa a karon jaki. Ko jine (kuɗin Sudan) ɗaya na takarda bai taɓa hannunta ba. Kafin azahar tukunya na tafasa, kafin la'asar ta ɗauki hoton shafin littafin ta jefa a zauren WhatsApp, kowa ya ga inda kuɗinsa suka shiga. Na tambaye ta me ya sa take wahalar da kanta da rubutun hannu alhali komai na cikin waya. Ta ce wanda ya turo kuɗi daga Jidda ba ish'ar yake son gani ba, buhun adas yake son gani da sunan wanda ya karɓa.

Wannan abu ba waya ta ƙirƙiro shi ba. Gayya ce, wadda Larabawan nan ke kira nafir. Da can iyakar gayya ita ce inda muryar mai shela ta kai. Yanzu mai wankin mota a Riyad yana cikin gayyar unguwarsu ba tare da ya ɗauki fartanya ba. Kuma an jima ana gwaji. Matasan Shari'ul Hawadis sun fara tara kuɗin magani ta Facebook a Khartum tun 2012, ƙungiyar Nafir ta tashi a ambaliyar 2013 ta wannan hanya, sannan kwamitocin unguwanni na juyin 2018 da 2019 suka zama tushen ɗakunan agajin gaggawa da muke gani yau. Shekara goma ana sanin wa za a ba amana, wa ba za a ba ba. Da yaƙi ya zo, mutanen a shirye suke, wayar ta tarar da su ne.

Sai watan Fabrairun 2024. Kamfanonin waya na Zain da MTN da Sudani, duka ukun suka ɗauke, wasu wurare makonni, wasu watanni. Ga rijiya, ga ruwa, babu guga. Mutum na da miliyoyi a waya amma ba zai iya sayen kisra ba. Takaya (jam'in takiyya) da yawa a Khartum da Bahri da Jazira suka sauke tukunya a makon farko, ba don masu bayarwa sun gaji ba, don hanyar ta toshe. Daga nan kwanukan Starlink, masu jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, da ake shigowa da su ta Chadi da Libiya da Sudan ta Kudu suka zama kasuwa. Wanda ya taɓa zama a irin wannan rumfa ba zai manta ba: kwano a kan rufi, batirin mota a ƙasa, yaro riƙe da littafi yana rubuta lokacin shigar kowa, shi zai karɓi wayarka ya saka lambar sirri da kansa don kada ka raba wa wani. Ana biya da awa. Tsofaffi a tsugune suna jiran koren ish'ar kamar masu jiran ganin wata. A yankuna da dama kuma masu bindiga ne ke da kwanon ko ke karɓar haraji a kansa, saboda haka wanda aka turo wa kuɗi yana fitowa an san an turo masa. Ba kuma shi ne karon farko da aka kashe mana intanet ba. An yi a Yunin 2019 fiye da wata guda, an sake bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021. Ƙara da wutar lantarki, wadda tun da jirage marasa matuƙa suka fara dukan tashar Marawi a farkon 2025 ta zama baƙuwa a jihohi da yawa.

A farkon 2025 ɗin kuma aka ga ɗaya fuskar. Shabaka, wato sadarwar waya da intanet, na nan, manhaja na aiki, amma Amurka ta dakatar da tallafin USAID, ɗaruruwan takaya suka rufe cikin 'yan makonni. Duk manomin Jazira ya san wannan darasi ba sai an karanta masa ba. Ko ka share Abu Ishirin ɗinka, wato kwatar da ke kai ruwa gonarka, tas, ka cire ciyawa, ka gyara baki, idan ba a saki ruwa daga dam ɗin Sinnar ba busasshiyar kwata kake gadi.

Yanzu ga abin da masu rubuta takardar neman tallafi ba sa son a daɗe a kai: wa aka bari a baya? Buɗe asusu yana buƙatar raƙam waɗani, lambar ɗan ƙasa. Ke kin sani, ni na sani, Bahaushe a ƙasar nan yakan sha tambayoyin da ba a yi wa maƙwabcinsa kafin a ba shi wannan lamba, ko da kakansa na cikin waɗanda suka sauka Mai Wurno tare da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Mazauna kanabi, wato zangon 'yan ƙwadagon gona, a Jazira, waɗanda suka yi zuriya uku suna cirar auduga, da yawansu ba su da takarda ko ɗaya. Bayan lamba sai babbar waya, sai caji, sai iya karatun Larabci. Duk matakin da aka hau, wasu sun zube, kuma mata da tsofaffi ne suka fi zubewa.

An ga haka ƙarara a Disambar 2024, lokacin da aka canja takardun jine 500 da 1,000 aka ce kowa ya kai tsofaffin banki ya zuba a asusu. Tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwa. Nan take sabuwar sana'a ta buɗe, ta sayar da kuɗi da kuɗi: ka tura ta waya, a ba ka takarda an zaftare. Na ga inda ake cire kashi 10 cikin 100, na ga inda ya kai 20. Akwai wata baiwar Allah da ke sayar da godogodo kusa da inda nake sauka. Wayarta ƙarama ce mai maɓalli. Masu saye suka koma cewa sai dai su tura, ita kuma ba ta da asusu, sai ta riƙa ba su lambar mai kantin da ke gefenta. Da yamma shi ne zai faɗa mata nawa suka shigo, ya cire nasa, ya ba ta saura da gero da sukari daga kantinsa a farashin da ya ga dama. Ba na cewa mutumin azzalumi ne, watakila ma yana ganin taimako yake yi. Amma ita da da can take ƙulle cinikinta a bakin zane, yanzu ba ta san jarinta ba sai an gaya mata. A rahoto za a rubuta cewa ta shiga tsarin kuɗi na zamani. Tsugune dai ba ta ƙare ba.

Manhajar farashi da 'yan ƙungiyarku ke so, na ga irinta. Wata ƙungiya da ba zan ambata ba ta kawo mana ita shekarun baya, da taro a otal da riguna masu tambari. Tana nuna farashin riɗi da dawa na kasuwar amfanin gona ta Gadarif kullum. Manoma suka sauke ta ranar taro don a ba su kuɗin mota, bayan wata uku ba wanda ke buɗewa. Dalili mai sauƙi ne. Ƙaramin manomin bildat, wato gonar damina ta gargajiya, ya riga ya ci kuɗin riɗinsa tun watan Agusta ta hanyar shel, wato ɗan kasuwa ya ba shi bashi lokacin ciyawa a kan zai biya da buhu a farashin da aka yanke tun kafin fure. Ranar girbi ka nuna masa cewa farashi ya ninka, baƙin ciki kawai ka ƙara masa. Abin da yake nema bashi ne mai sauƙi a tsakiyar damina, da rumbun da zai ajiye kaya wata biyu, da motar da za ta kai. Farashi kuwa ɗan'uwansa mai dako a kasuwa yana faɗa masa da kira ɗaya. Kuma sabuwar hanya ta zo da sabon ɓarawo. Na san mai albasa da aka loda wa mota guda aka nuna masa ish'ar na jabu, hoto ne aka gyara. Tun daga ranar nake gaya wa manoma kada kaya su motsa sai sun buɗe nasu asusun sun ga kuɗin da idonsu.

Akwai kuma abin da ba zan tsallake ba, ko da yake ba na jin daɗin tuna shi. A Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Nil Azraƙ tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, a Rusairis da Ganis da kewaye, aka rasa rayuka sama da 100. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, wajen mutum 200 suka tafi cikin kwana biyu. Tushen maganar ƙasa ce da sarauta da siyasa, ba Facebook ya haife ta ba. Amma makonni kafin a zare wuƙa, kalmomin sun riga sun yi yawo a shafuka da zaurukan WhatsApp: baƙi, 'yan ci-rani, ku koma inda kuka fito. Kuma a faɗi gaskiya, ta ɓangarenmu ma an tura abubuwan da ba su dace ba, har da hotunan gawarwakin da ba a Sudan aka ɗauke su ba. Kasala ma ta ga nata, kin tuna ranar da zanga-zanga ta rikiɗe aka ƙona shaguna da ofisoshi. Magana zarar bunu ce tun a da, to yanzu bunun yana fita ne zuwa waya dubu a minti ɗaya. Waɗannan dandaloli an gina su ne su riƙe idon mutum, abin da ke tayar da hankali kuma shi ya fi riƙe ido. Masu tace rubutu a kamfanonin ba sa gane habaicin Larabcin Sudan, balle saƙon murya da Hausar Damazin. Abin da na ga ya yi aiki a wani zaure da nake ciki shi ne dattijo guda da kowa ke jin kunyarsa, wanda ya kafa doka cewa duk wanda ya turo labarin kisa sai ya faɗi wanda ya gani da ido, in ba haka ba a cire shi. An cire mutum biyu, zauren ya natsu. Duk zauren da za ku buɗe, ku nemi irin wannan mutum kafin ku nemi mai kwamfuta.

Mu zo kan muhalli, inda na fi ganin ana yaudarar kai. Ana cewa waya ta rage takarda, ta rage tafiye-tafiye. Gaskiya ne, amma ƙaramin lissafi ne. Babban lissafin yana cikin murhu. Matatar Jaili da ke arewacin Khartum ita ce kafin yaƙi ke ba ƙasar nan mafi yawan gas ɗin girki. Ta tsaya da yaƙi, ta kuma ci wuta a Janairun 2025. Anbuba, wato tulun gas, ta yi tsada ko ta ɓace, miliyoyin gidaje suka koma gawayi da itace, har da takayan da na yaba a sama, domin tukunyar mutum ɗari biyar ba da iska take dahuwa ba. A kaminar gargajiya, wadda ake jera itace a rufe da ƙasa a cinna, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo 1 na gawayi. Dajin Sunut na bakin Farin Nilu a Khartum, wanda aka kiyaye tun zamanin Turawa, an sare shi a wannan yaƙi. A gabas da kudu ana sare talha, har da hashab, daƙwarar da ke ba da ƙaron da Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa.

Ina waya a cikin wannan? A tsakiya. Mai kamina a daji yana ɗaukar hoton buhunansa ya jefa a zaure, dillali a gari ya tura kuɗi, direba ya samu kwatance, kafin kwana biyu lodi ya iso. Da can sai mai gawayi ya jira mai saye ya zo, wannan jiran kansa wani birki ne. Dandali ya cire birkin. Ba ya tambaya ko abin da ake cinikin bishiya ce ko magani, duk abin da ke da riba shi yake ƙara wa gudu.

Sola ma haka, fuska biyu gare ta. Da man dizil ya gagara, masu lambu suka koma faranti, cinikinsu kuma kusan duka a Facebook da WhatsApp ake yi. Na yi murna, domin babur (mutanen Najeriya kada ku ruɗe, a nan injin ban-ruwa muke kira haka) yana cin kuɗi yana zubar da baƙin mai a bakin rijiya. Sai dai mai babur yana kashe inji da zarar gona ta sha, saboda kowace awa kuɗi ce. Mai sola ya riga ya biya, sai ya bar famfo daga hantsi har rana ta yi sanyi. Ku a Kasala wannan ya shafe ku kai tsaye. Lambunan Sawagi, da ayabarsu da lemonsu da albasarsu, da ruwan shan garin kansa, duk a kan ruwan ƙasan da kogin Gash ke cikawa suke, Gash kuwa wata uku kacal yake gudu a shekara. Tun kafin sola masu rijiyoyi ke kukan ruwa na sauka, ga kuma jama'ar da hijira ta ƙara wa garin.

Sai batura. Kowace rumfar caji, kowane kwanon Starlink mai jan wat 50 zuwa 100, kowane gida mai faranti, akwai batirin dalma a ƙarƙashinsa, zafin ƙasar nan kuma ba ya barin batir ya daɗe. Idan ya mutu, yara ke fasa shi a bayan kasuwa, su zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a buɗaɗɗiyar wuta. Dalma ba ta wari, ba ta sa ciwo nan take, ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali. Wanda ya ji labarin Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400, ya san ba abin wasa ba ce. Za ki ji ana ta muhawara a duniya kan cewa manyan rumbunan kwamfuta sun sha wajen kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya a 2024, da cewa tarkacen kayan lantarki ya kai tan miliyan 62 a 2022 wanda ko kashi ɗaya cikin huɗu ba a sake sarrafawa yadda ya kamata ba. Ki san su don taro. Naku kason na wannan matsala yana bayan kasuwa, a hannun yaro mai guduma.

Inda na ga fasahar nan ta yi wa ƙasa amfani na gaske, wuri ne da labari ke da saurin lalacewa. Masu noman juruf, wato gaɓar da ruwa ke ja ya bari, a bakin Nil Azraƙ, waɗanda da yawansu mutanenmu ne, sun gāji sanin ranar da ruwa ke hawa da ranar da yake ja ya bar laka. Tun da Habasha ta fara tara ruwa a babban dam ɗinta a Yulin 2020, kogin ya daina bin kalandar kakanni, ya koma bin hannun mai buɗe ƙofa a can da kuma a dam ɗin Rusairis. Saƙon murya guda da ya ce ruwa na tafe yana ceton famfo da shuka da kwale-kwale. Gash ma daga tsaunukan Eritiriya yake gangarowa a fusace, kamar yadda ya yi wa garinku a 2003, kuma wanda ke sama yana ganinsa sa'o'i kafin ya iso gada. Fara ma haka. Ma'aikatan da ke zagaya Tokar da gaɓar Bahar Maliya da hunturu suna shigar da abin da suka gani a manhajar eLocust3 ta hukumar FAO, labarin ya isa inda ake yanke shawarar feshi kafin 'ya'yan fara su yi fiffike. Ki lura, a duka ukun akwai mutum a tsaye a wurin yana kallo, akwai kuma wanda zai motsa in labari ya zo.

Inda babu mai motsawa, labari ba ya komai. Dokar gandun daji ta ce mai babban mashru'in damina, wato ƙatuwar gona, ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa da itatuwa, na ban-ruwa kashi 5. Hotunan tauraron Sentinel-2 kyauta ne, suna sabuntawa kusan duk kwana 5, ɗalibi mai kwamfuta zai iya nuna miki mashru'an Gadarif da aka share ƙaf babu ko inuwar da makiyayi zai tsaya. Kowa ma ya sani ba tare da tauraro ba. Abin da aka rasa jami'in da zai iya tunkarar mai gona fadan dubu, wato wajen eka dubu.

To, me za ku yi da kuɗin? Da ni ne, zan duba abin da Allah ya jarrabi Kasala da shi, wato miskit. An shigo da bishiyar nan Sudan a 1917 don tare rairayi, ta fi ƙarfin masu shigo da ita, awaki suna cin 'ya'yanta suna shuka ta duk inda suka yi kashi, har a 1995 gwamnati ta yanke a kawar da ita. Ta cinye filayen noma a bakin Gash da Halfa Sabuwa da Tokar, saiwarta na nitsewa ta sha ruwan da kuke rigima a kai. Gawayinta kuma yana ci da kyau. Ga itacen da sare shi alheri ne, ga takaya da gidajen burodi da ke ƙona talha. Ku haɗa su. Zaure ɗaya ya isa: masu kamina da suka yarda miskit kaɗai za su taɓa, kuma su tono har gindi don kada ta tohu, da masu saye da suka yarda su ba su fifiko, da mutum biyu daga cikinku masu zuwa da ƙafa su duba. Saurin nan da dandali ke ba sarar daji, ku juya shi kan bishiyar da ake so ta tafi.

Kuɗin kuma ku kashe su a kan mutane da ƙananan kaya. Ladan masu zagaye. Faranti da wurin caji a unguwar da ba wuta. Rakiyar mata zuwa ofishin rajista har su samu lamba su buɗe asusu da sunansu, wannan kaɗai ya fi manhaja goma. Wurin tara matattun batura da yarjejeniya da mai sayensu a rufe ba a fasa ba. Saƙonninku su zama na murya, gajeru, da Hausa da Larabci da Bidawiyet da Tigre, tunda garinku ba na ƙabila ɗaya ba ne, kuma aikin da aka ga na Hausawa zalla ne zai jawo muku ido. Kada ku rubuta ƙabilar kowa a rajista, kada ku tara sunaye da lambobin da ba ku buƙata, domin waya tana faɗawa hannun mai shingen hanya. Asusun ƙungiya kada ya zauna a wayar mutum ɗaya. Kuma tun yau ku zauna da ɗan kasuwa ɗaya ko biyu ku ƙulla yadda za su ba ku kaya bashi na mako biyu ranar da shabaka ta ɗauke, ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu tallafin za su ce ina dandalin. Ku nuna musu zauren, da lissafin da ke fita duk mako, da adadin buhunan miskit da suka maye gurbin talha. Idan bayan shekara aikin ya yi girman da WhatsApp da littafi suka kasa ɗauka, lokacin za ku san ainihin abin da manhaja za ta yi muku, ku kira mai ginawa ku faɗa masa, maimakon shi ya faɗa muku.

Wani abu kuma da ba ya cin kuɗi. Ku samo igiya mai alamar mita da ɗan ƙarfe a bakinta, ku zaɓi rijiyoyi 20 a Sawagi ta Arewa da ta Kudu, masu sola da masu babur, ku auna zurfin ruwa ranar farko ta kowane wata da sassafe kafin a tayar da famfo. Ku rubuta a littafi, ku ɗauki hoto, ku tura wa masu rijiyoyin su ma su gani. In kun yi wata uku ki turo mini shafukan, ina so in ga wane ɓangare ya fi sauka. Ki gaishe mini da mahaifanki.